Wutar batir da ƙwayoyin cutar da sunka ƙi jin magani: amsa kan ƙarfen ƙafar Baba

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Na karanta tambayarka sau biyu. Ka ce wata bakwai ke nan da kabu-kabu ya kaɗe shi anka sa mishi ƙarfe a ƙashin ƙwauri, ɗinki ya warke amma akwai wani ɗan rami da ba ya rufewa, kullum yana tsatsar ruwa, in yana shan antibayotik sai ya tsaya, in ya gama da sati biyu sai ya dawo, kun canza magani ya kai kala huɗu. Sai kuma ka ji labarin wai masu bincike sun gano 'yar wuta kaɗan, bolt 1.5 awa ta batirin rimot, tana kashe irin waɗanga ƙwayoyin cuta, shi ne kake tambaya ko da gaske ne, kuma ko za ku iya gwadawa gida.

Labarin da ka ji ba ƙarya ba ne, bincike ne da ya haura shekara 30 ana yin shi. Amma don girman Allah kar ka kusanci ƙafar Baba da batir ko waya. Ni aikina ke nan, ƙwayoyin cuta nake rainowa a lab safe da yamma, don haka ka yi haƙuri da tsawon bayanin, in ka gane yadda abin yake aiki kai da kanka za ka ga inda gizo ke saƙa.

Ka taɓa wanke randar da ta kwana biyar ba a juye ta ba? Ruwan ciki garau yake, amma in ka shafa cikin randar da hannu sai ka ji santsi, wani yauƙi-yauƙi awa miyar kuɓewa. Ko tankin ruwa na saman gida, ko abin da kake ji bisa haƙoranka da asuba kafin ka yi asuwaki. To wanga yauƙi shi ne abin da muke kira bayofim. Bakteriya ne sunka samu wurin maƙalewa, sunka zauna sunka hayayyafa, sannan sunka fitar da wani danƙo na sukari da furotin da tarkacen DNA sunka lulluɓe kansu ciki. In an busar da bayofim an auna, sau da yawa danƙon nan ya fi ƙwayoyin kansu yawa nesa ba kusa ba. Wato ba baƙi ba ne masu wucewa, gari sunka kafa da ganuwarsa, har da 'yan kwalbatocin da ruwa da abinci ke bi.

Abin ya daɗe. Wani ɗan Holan, Antonie van Leeuwenhoek, tun 1683 ya kankaro dattin haƙoransa ya duba da madubin ƙara girma da ya haɗa da hannunsa, ya ga 'yan halittu suna motsi, har ya lura cewa in ya kurkure baki da ruwan tsami na binega na waje-waje kaɗai ke mutuwa, na can ciki suna nan daram. Amma sai a 1978 wani masani ɗan Kanada, Bill Costerton, da abokan aikinsa sunka fito da bayani sosai cewa yawancin bakteriya a duniya haka suke rayuwa, a maƙale, ba suna yawo ɗai-ɗai cikin ruwa ba.

Nan ne matsalar Baba take, kuma nan ne mu mutanen lab muke jin kunya wani lokaci. In anka kawo mini auduga da anka dangwalo ruwan ciwo, ina shuka ta a faranti, ƙwayoyi su tsiro, in ɗora musu 'yan faifan magani, washegari in rubuta cewa wanga magani yana kashe su. Ban yi ƙarya ba, yana kashe su ɗin, amma waɗanda na gwada sakakku ne, masu ƙoshi, masu hayayyafa da sauri, ba su da mayafi. 'Yan uwansu da ke manne jikin ƙarfe kuwa suna iya jure ninkin wannan magani sau 100 har zuwa sau 1,000. Dalilan suna da yawa kuma suna taimakon juna, danƙon yana riƙe wasu magunguna tun a bakin ƙofa, can ƙasa kuma babu iskar oksijin babu abinci sosai don haka ƙwayoyin da ke wurin sun yi likimo kamar masu barci, alhali yawancin antibayotik, musamman dangin fenisilin, sai ƙwaya tana girma tana gina jikinta suke samun inda za su kama ta. Ga shi ƙarfe ba shi da jijiyar jini, sojojin jiki ba su da hanyar isa da kyau. Shi ya sa in Baba na shan magani ruwan ke tsayawa, an kashe waɗanda sunka fito yawo, in ya daina sai na cikin ganuwa su farka su sake turo wasu. Ba maganin ne jabu ba dole, kuma ba jifa ba ce.

To ina wuta ta shigo? A 1992 ƙungiyar Costerton a Jami'ar Calgary sun raini wata bakteriya mai suna Pseudomonas aeruginosa bisa ƙananan ƙarafa, sunka zuba maganin kashe ƙwayoyi irin na masana'antu, sannan sunka ratsa wuta mai rauni ta cikin ruwan, wajen bolt 12 a kowace santimita, ƙarfin gudunta mili-amfiya 2.1 a kowace murabba'in santimita. Sai ga shi maganin da a da ba ya yi wa bayofim komai ya koma yana kashe shi. Sunka maimaita da antibayotik, sunka ba da rahoton cewa da wuta, abin da ake buƙata ya sauko zuwa ninki 1.5 zuwa 4 kacal na abin da ke kashe sakakkun ƙwayoyi. Ka duba, daga ninki ɗaruruwa zuwa ninki huɗu. Duk wanda ya san wahalar gyambo ya ji wanga labari dole hankalinsa ya tashi.

Tunanin farko shi ne wutar tana tura maganin ne ta cikin danƙon, don magunguna irin su jentamaisin da tobramaisin suna ɗauke da caji fozitif, danƙon kuma negatif ne, to filin wuta zai iya jan su ya kutsa da su ciki. Wasu sunka ce a'a, fatar ƙwayar ce ke yin laushi magani ya shige. Bayani ne mai daɗin ji, kuma mai yiwuwa akwai kaso na gaskiya ciki, amma da anka ci gaba da tono sai wani abu dabam ya fito, kuma a ganina shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya.

Ga gwajin da za ka iya yi da kanka, a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, ba cikin ɗaki ba, kuma na minti biyu kawai. Ka samu kofin gilashi, ruwa da gishiri cokali ɗaya, batir mai bolt 9, da fensir guda biyu da ka fiƙe kowanne kai da gindi. Ka haɗa baƙin cikin fensir ɗin da bakunan batir, ka tsoma ɗaya ƙarshen a ruwa. Za ka ga kumfa na tashi, ɓangaren negatif ya fi yawa, iskar haidurojin ke nan. Ka ɗan kusanto da hanci ɓangaren fozitif, za ka ji warin bilic, irin na wankin farin kaya. Wutar ta fasa gishirin ta fitar da kulorin, kulorin ya narke a ruwa ya zama asid ɗin haifokuloros. In da waya ta jan ƙarfe ka tsoma maimakon fensir, ruwan zai koma kore-kore mai dauɗa, wato wayar ce ke narkewa. Ka riƙe wagga magana ta narkewa, za mu dawo kanta.

Jikin ɗan Adam kuwa ruwan gishiri ne, shi ya sa ruwan da ake ƙara wa majinyaci yake da gishiri kashi 0.9 cikin ɗari. Yawancin gwaje-gwajen farko an yi su ne cikin ruwan da anka cire wa gishirin kulorayid da gangan. A 1999 Philip Stewart da mutanensa a Jami'ar Jihar Montana sun nuna cewa wani ɓangare na abin mamakin nan oksijin ne kawai, wutar ta fasa ruwa ta samar da oksijin, ƙwayoyin da ke barci a ƙasa sunka samu iska sunka farka, da sunka farka tobramaisin ya samu damar kama su. Sannan a 2013, a wannan jami'a dai, anka gwada da gishiri daidai na jikin mutum bisa Staphylococcus epidermidis, wata bakteriya da ke zama a fatar mutum, sai wutar ita kaɗai ta kashe bayofim ɗin, ƙara antibayotik ɗin sifrofuloksasin bai ƙara komai ba, kuma da anka auna ruwan sai ga kulorin, adadin da ya isa ya yi kisan shi kaɗai. Ashe ba girgiza ƙwayoyin wutar ke yi su mutu ba kamar yadda mutane ke zato, 'yar masana'antar bilic ce anka kafa musu a bakin ƙofa.

Kar ka raina wanga. Fararen ƙwayoyin jininmu ma da asid ɗin haifokuloros ɗin nan suke kashe bakteriya, Allah ya hore musu sinadarin haɗa shi. Bambancin zuba bilic daga kwalba da haɗa shi da wuta shi ne na kwalba yana zuwa da yawa lokaci guda, ya ƙone nama, sannan ya ƙare cikin mintuna, na wuta kuwa yana fitowa kaɗan-kaɗan ba tsayawa, dare da rana, daidai wurin da ƙwayoyin suke. A Jami'ar Jihar Washington, ƙungiyar Haluk Beyenal ta ɗauki wanga tunani kai tsaye, a 2015 sunka yi wani ƙyalle na zaren kabon da ake ba wuta daidai gwargwado yana fitar da haidurojin feroksaid, wanda muke kira haidurojin mai kumfa a wurin diresin, amma ɗan mitsitsi ƙwarai kuma a kai a kai, ya rage Acinetobacter baumannii ninki 10,000 a bayofim na lab, ita kuwa wagga ƙwaya duk wanda ya yi aiki a ɗakin masu ƙuna ya san taurin kanta. Asirin na'urar tasu ba batir ba ne, wani ɗan inji ne da ke auna ƙarfin wutar a jikin ƙyallen kowane lokaci yana daidaita ta, in ta ɗan haura ko ta ɗan sauka wani sinadari dabam za ta haifar.

A ɓangaren negatif kuma wani abu ne dabam ke faruwa, kuma shi ya fi kusa da matsalar Baba. In anka mai da ƙarfen da ke cikin jiki ya zama negatif, abu uku ke haɗuwa, fuskar ƙarfen tana ture bakteriya don su ma fatarsu negatif ce, ruwan da ke manne da ƙarfen yana komawa mai kaifi awa ruwan toka ko kanwa, sannan 'yan ƙananan kumfan haidurojin suna tasowa daga ƙarƙashin bayofim ɗin suna ɓamɓaro shi, kamar yadda ƙanzo ke sakin tukunya in an jiƙa. A Jami'ar Buffalo ta Amurka, Mark Ehrensberger ya gwada haka da ƙarfen taitaniyom a jikin ɓeraye masu ɗauke da MRSA, wato Staphylococcus aureus mai bijire wa magani, bolt 1.8 negatif na awa ɗaya, ƙwayoyin sun ragu sosai a jikin ƙarfen da ƙashin, kuma ya fi kyau in an haɗa da antibayotik ɗin bankomaisin.

Wanda ya fi burge ni dai na awaki ne, wataƙila don mu Sakkwatawa da akuya sai Allah. A Groningen ta ƙasar Holan, a 2007, an ɗauki awaki 9 anka kafa musu ƙusoshin ƙarfe a ƙashin ƙafa irin waɗanda ake ɗaure karaya da su daga waje, anka shafa Staphylococcus epidermidis a bakin ƙusoshin, wasu ƙusoshin anka ba su wuta maikro-amfiya 100 ba tsayawa har kwana 21, wasu ƙusoshin anka bar su haka nan. Ƙusoshin da ba su samu wuta ba, kashi 89 cikin ɗari sun kamu, masu wuta kashi 11 kacal. Don ka gane ƙanƙantar wutar, cajar wayarka tana ba da amfiya 1 zuwa 2, wato ninki 10,000 zuwa 20,000 na abin da anka ba akuyar. Sai dai ka lura da kyau, rigakafi anka yi, an kunna wutar tun ƙwayoyin ba su gina gari ba. Hana gini dabam, rushe ginin wata bakwai dabam.

Wanda ya taɓa tsohon ciwo shi ne na Mayo Clinic a 2009, ƙungiyar Robin Patel. Zomaye anka sa wa ƙarfe cikin ɓargon ƙashi tare da ƙwayar cuta, anka bari sati 4 ciwon ya kafu, sannan wasu anka ba su maikro-amfiya 200 na kwana 21, wasu anka yi musu allurar antibayotik ɗin doksisaikilin, kuma wutar ta fi allurar rage ƙwayoyin. Amma su ɗin dai a shekarar, da sunka jera ƙwayoyi kala uku da magunguna da yawa a lab, sun tarar cewa taimakon da wuta ke yi wa antibayotik ba ko'ina yake ba, wani haɗin ya yi aiki wani ko gezau. Ina girmama masu binciken da ke faɗin inda abinsu ya gaza, don irinsu ake gina magani bisa maganarsu.

Akwai kuma masu cewa ko ba a fasa ruwa ba wutar na da nata tasirin, kuma suna da hujja. A Bordo ta Faransa a 2004 an yi amfani da wuta mai kai-da-komo sau miliyan 10 a daƙiƙa, wadda saurin juyawarta bai barin kumfa ko kulorin su samu, duk da haka ta ƙara wa antibayotik ƙarfi a kan E. coli. A Jami'ar Maryland a 2015 anka haɗa irin wagga da miƙaƙƙiyar wuta, bolt 1.25 a santimita, ƙasa da abin da ke fasa ruwa, tare da jentamaisin, nan ma an ga ƙari. A shekarar ne kuma Gürol Süel a San Diego ya nuna cewa bakteriyan cikin bayofim suna aika wa juna saƙo da sinadarin fotashiyam, igiyar caji na ratsa garin daga tsakiya zuwa gefe kusan yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke yi, na ciki masu jin yunwa suna gaya wa na waje su dakata da ci. Ranar da na fara karanta wanga sai da na ce subhanallahi. Tunda suna magana da wuta, ana iya rikita musu zance da wuta.

Daga nan labarin da ka ji ya fito. A 2024 masu bincike na Jami'ar Chicago tare da Süel sun yi wani ɗan filasta mai ba da bolt 1.5, daƙiƙa 10 a kowane minti 10, na tsawon awa 18. Ya hana Staphylococcus epidermidis gina bayofim da kusan kashi 99 cikin ɗari a lab, a fatar alade kuma ya rage su kusan ninki 10. To amma ga abin da masu yaɗa labarin ba su faɗa ba, ƙwayar ta amsa wutar ne kawai in wurin yana da ɗan tsami, wato 5 a ma'aunin tsami da muke kira pH, inda 7 ne tsaka-tsaki, ƙasa da shi tsami, sama da shi kanwa, 5 ɗin kuwa irin na lafiyayyar fata ne. A ma'auni na tsaka-tsaki ko kallon wutar ba ta yi ba. Shi kuwa tsohon ciwo mai ruwa yawanci ya wuce 7, ya karkata wajen kanwa. Kuma a saman fata anka yi, ba cikin ƙashi ba, kuma ba kashe su ta yi ba, kwantar da su ta yi. Ka ga tsakanin wanga da ƙafar Baba akwai tafiya mai nisa.

Abin da ya riga ya shiga kasuwa a Amurka shi ne bandeji mai ɗigo-ɗigon azurfa da zinki da anka buga jikin ƙyalle, in ya jiƙe da ruwan ciwo sai kowane ɗigo biyu su zama ɗan ƙaramin batir, wajen bolt 1, ba waya ba caji. Ƙungiyar Chandan Sen ta gwada shi a ƙunar aladu mai bayofim kuma ya taimaka. Ni dai ina ɗan ja da baya wajen ba wutar duka ladan, don azurfa ita kanta tsohon maganin ƙwayoyi ce, man ƙunar da muke shafawa a asibiti ma da azurfa cikinsa. Kuma ko ya yi aiki ɗari bisa ɗari, na ciwon sama ne, bandeji bai isa ƙarfen da ke manne da ƙashi.

Yanzu mu koma kan batir a gida, ka ga dalilin da ya sa na haɗa ka da Allah. Batir bolt yake ba ka, bai san nawa ke gudu ba, gudun wutar ya danganta da jiƙewar wurin. Busasshiyar fata tana tare wuta sosai, buɗaɗɗen ciwo mai ruwan gishiri kuwa ƙofa ce a buɗe, abin da zai ratsa zai iya ninka na akuyar nan sau goma ko ɗari ba tare da Baba ya ji wani jan wuta mai ƙarfi ba, musamman in yana da suga jijiyoyin ƙafar sun yi sanyi. Ƙarƙashin waya ɗaya asid zai taru, ƙarƙashin ɗayar kanwa, duka biyun suna cin nama a hankali, shi ya sa yaron da ya haɗiye ɗan batirin agogo mai bolt 3 yake iya samun rami a maƙogwaro cikin awa biyu, ba don gubar ciki ba, don wutar da ke ratsa naman. Sannan ka tuna koren ruwan nan na kofi. In ka yi kuskure ƙarfen Baba ya zama fozitif, ƙarfen ne zai fara ci, yana sakin nikel da kuromiyam cikin ƙashi, sukurorin su yi sako-sako, mataccen naman da ƙunar ta bari kuma ya zama sabon fili ga bayofim. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Wutar soket kuwa, bolt 230, ba ma a kawo ta cikin zance, mili-amfiya 50 zuwa 100 in ta ratsa ƙirji ta isa ta rikita bugun zuciya. Haka 'yan injinan tausa masu fizgar tsoka da ake tallarsu a kasuwa ana cewa suna maganin komai, ba irin wutar ba ce, ba a kan haka anka ƙera su ba, kar a ɗora su kusa da ƙarfe ko buɗaɗɗen ciwo.

Abin da ke aiki a yau shi ne dai abin da mahaifiyarka ke yi wa randa, ba ta zuba magani ta tafi, soso take sawa ta dirje. Ramin da ke ruwa a kan ƙarfe, a wurin likitocin ƙashi shi kaɗai ya isa shaida cewa ƙwayoyi sun kama ƙarfen, ba sai an jira wani gwaji ba. Ku koma wurin likitan ƙashi, ko wanda ya yi aikin ko sashen ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) a Sakkwato ko asibitin ƙashi na Wamakko, ku tafi da duk hotunan da anka ɗauka da kwalayen magungunan da ya sha, a jere yadda ya sha su. Tambaya ta farko da za a amsa da sabon hoto ita ce, ƙashin ya haɗe ko bai haɗe ba. In ya haɗe, alhamdu lillahi, ƙarfen ya gama aikinsa, a cire shi a kankare wurin a wanke, garin ƙwayoyin ya tafi da shi, sai antibayotik na wajen sati 6 ya share saura. In bai haɗe ba aikin ya fi wuya, likita zai zaɓa ko a wanke a bar ƙarfen a danne ciwon da magani har ƙashi ya kama, ko a cire a ɗaure ƙafar da ƙarfen waje, maganin kuma yakan kai sati 12.

Ga roƙona ni na lab. A ɗauko mana nama da ƙashi daga can ciki lokacin tiyata, gutsure kamar biyar daga wurare dabam-dabam, ba auduga daga bakin rami ba, don abin da ke bakin rami sau da yawa 'yan fata ne masu wucewa, ba su ne masu gidan ba. Kuma in Baba ba shi da zazzaɓi, likita zai iya cewa a dakatar da antibayotik sati 2 kafin a ɗauka don ƙwayoyin su yarda su tsiro a faranti, kar ku ga kamar sakaci ne. Ku daina sayen wani sabon kala a kemis duk lokacin da ruwan ya dawo, kowane zagaye yana tace masu taurin kai ne yana bar muku su. Wani zai ce muku rifamfisin yana ratsa bayofim na Staphylococcus, gaskiya ne yana yi, amma ba a shan shi shi kaɗai don cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin ke koyon bijire mishi, kuma shi ne ginshiƙin maganin tarin fuka a ƙasar nan, sai likita ya rubuta tare da abokin tafiyarsa, bayan an wanke wurin.

A auna mishi suga ko da bai taɓa jin yana da shi ba, in yana shan taba ya aje ta don tana hana ƙashi haɗewa, a ƙara mishi ƙwai da wake da nono. Diresin kuma ba fashi, don in an kankare ciwo yau, cikin kwana 1 zuwa 3 bayofim ke sake miƙewa. In kun ga zazzaɓi, ko ƙafar ta kumbura ta yi ja tana zafi, ko ruwan ya koma mugunya mai wari, ko ya kasa taka ta bayan da yana takawa, wannan ba na jiran ranar kilinik ba ne, ku kai shi a daren. In anka yi sabon hoton ka turo mini abin da likita ya ce game da haɗewar ƙashin, da sakamakon lab in ya fito, sai mu duba tare. A gaishe mini da Baba da jiki.